Masu Kunne a Dajin Zugurma

Wanda ya taso daga Mokwa ya nufi Sabuwar Bussa, sai ya bi ta Zugurma da Ibbi kafin ya hau kan madatsar ruwa ta Kainji. Dajin da ke yi masa rakiya a wannan tafiya, mai doka da maje da kawo da taura, da gamba mai shanye mutum a tsaye idan damina ta yi nisa, shi ne takardun gwamnati ke kira sashen Zugurma na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,370, kuma a Ibbi ma'aikatansa suke da mazauni. A ce a tura mutum biyar ko shida cikin wannan fili, da goran ruwa da garin kwaki da bindiga, su kwana su wuni. In wani abu ya same su, ta yaya na gida za su ji? In kuma sun yi magana na gida suka ji, wane ne kuma ya ji tare da su?

Ni ba ma'aikacin daji ba ne. Gyaran rediyo na koya a Kontagora tun ina saurayi, kuma ta kan teburin gyara na san wannan harka. Sauran abin da na sani daga bakin kawuna na same shi, wan mahaifiyata, wanda ya yi gadin namun daji tun wurin yana hannun jiha. Kunne ya girmi kaka.

Kafin a yi maganar na'ura, ya kamata a san dalilin da ya sa wurin ya zama daji. Zugurma tsohon gari ne mai suna a tarihin Nupe. Nan ne gidan Etsu Majiya ya koma bayan rikicin sarautar da Malam Dendo ya shiga tsakiyarsa a farkon ƙarni na 19. Daga arewa kuma Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a 1864, shi da ɗansa Ibrahim suka shafe shekaru suna kai hari a ƙasashen Kambari da Gwari. Mu mutanen Kontagora ba mu cika son a daɗe a kan wannan babi ba, amma gaskiya ce: garuruwa sun watse, gonaki sun koma kurmi, ƙudan tsando ya samu wurin zama ya hana shanu sakewa. Inda mutum da saniya suka ja baya, nan gwanki da kanki da ɓauna da gadu suka miƙe ƙafa. Dajin da aka zo daga baya aka shata wa iyaka, yaƙi ne ya fara killace shi.

A wancan zamani labari a kan doki yake tafiya, ko a ƙafar ɗan aike, ko a bakin ganga da kuge. Maharba suna da nasu: ƙaho, fito, reshen da aka karya aka nuna da shi hanya, kullin ciyawa a bakin turba. Duk wanda ya san harshen zai karanta, abokin tafiya ne ko abokin gaba. Da Turawa suka zo, waya suka fara ja kafin su ja layin dogo. Tangaraho ya iso Jebba daga Ikko kafin 1900, suka ci Kontagora a watan Janairun 1901, suka kafa hedikwata a Zungeru a 1902. Sai dai wayar Bature ta bi barikoki ne, ba ta taɓa shiga dawa ba.

Dokar kare namun daji ta farko da ta game Najeriya an yi ta a 1916. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963. An keɓe dajin Borgu a farkon shekarun 1960, aka rufe ruwan Neja a Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta nutse, aka kwashe mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Zugurma ta zama gandun namun daji a 1971. A lokacin Borgu tana ƙarƙashin Jihar Kwara, takardunta Ilori suke zuwa. Zugurma kuwa tana Jihar Arewa maso Yamma, nata Sakkwato suke nufa. Dazuzzuka biyu, kogi ɗaya a tsakaninsu, amma rahoton wannan ba ya haɗuwa da na wancan. Sai da dokar soja mai lamba 46 ta 1979 ta haɗe su wuri guda suka zama gandun dajin ƙasa na farko a Najeriya, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, da hedikwata a Sabuwar Bussa.

Kawu ya ce a farkon aikinsu kayan sadarwarsu uku ne: keke, usur, da littafin rahoto. In ayari ya rabu biyu a dawa, usur ake busawa. In abin ya yi tsanani, a harba bindiga sama. In an kama wani da nama, ko an ga gawar dabba, ko wani ya taka maciji, sai a rubuta a takarda, ƙaramin cikinsu ya hau keke ya fito bakin titi ya jira babbar mota, ya ba direba ko yaron mota amana. Amsa kan dawo bayan abin da ake tambaya ya riga ya wuce. Na taɓa ce masa, "To Kawu, ashe su mafarauta ba su san inda kuke ba ke nan, tunda ba abin da za su saurara." Ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaro, kafin mu gama ɗaura takalmi an san inda muka nufa. Mai tuwo ta ga mun sayi gari da yawa, ta san kwana za mu yi. Mai faci ya ga kekuna huɗu a gabansa ranar Talata. Sawun takalminmu kuwa ko makaho ya shafa ya san na gwamnati ne."

Ma'aikatan su ma da haka suke samun nasu labarin. Mai saƙar zuma, da mace mai tsintar kaɗanya, da Bafulatanin da aka yi wa sassauci sau ɗaya, da sarkin baka wanda ba ya son baƙin maharba su shigo masa yanki: waɗannan su ne kunnuwan ma'aikata. Ko da rediyo ya zo, bai kore su ba. Abin da ya yi shi ne rage nisan da ke tsakanin jin labari da isar da shi.

Rediyon irin wannan aiki iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba ba zai gane wahalar dajin ba. Akwai babba na ofis, mai aiki a gajeren zango, tsakanin megahaz 3 zuwa 30. Shi wannan sautinsa sama yake tashi, ya bugi wani rufi na iska can ƙololuwa, ya faɗo ƙasa ɗaruruwan kilomita daga inda ya taso. Da shi ƙaramin sansani yake magana da hedikwata, hedikwata ta yi magana da Ikko ko Abuja. Eriyarsa doguwar waya ce da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu ko itatuwa biyu, abincinsa batirin mota. Yana da halinsa: tashar da ta yi kyau da hantsi ba lallai ta yi da dare ba, kuma da hadari ya taso sai ƙara ta cika shi. Shi ya sa ake sa lokaci, safe da yamma, kowane sansani ya buɗe, a kira su ɗaya bayan ɗaya, mai kula da na'ura yana rubutawa a littafi. Sansanin da aka kira sau uku bai amsa ba, ranar ba wanda zai yi barcin kirki.

Sai kuma oba-oba ta hannu, wadda kowa ya sani. Ita tana aiki ne a sama da wancan zango, galibi tsakanin megahaz 136 da 174, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, kuma ba ta san kwana ba. Miƙe take tafiya. Tudu ya tare ta, kwari ya haɗiye ta, ganye mai laima ya rage mata ƙarfi. Abin da aka rubuta a kwalinta daban, abin da take yi a kurmin bakin rafin Manyara cikin watan Agusta daban. Ka samu kilomita uku ko huɗu ka gode Allah. Daji mai faɗin Zugurma, in aka daidaita shi ya zama murabba'i, kowane gefe ya kusa kilomita 37. Maganin wannan shi ne a kafa na'ura mai karɓa ta maimaita a kan tudu mafi tsayi, da dogon turke da batir da farantin sola. Ita ce ke ɗaukar muryar mai rauni ta watsa ta ko'ina. In ta mutu, duk oba-obar da ke dajin ta koma abin ratayawa a ɗamara.

Na riƙe irin waɗannan na'urori da yawa, na ma'aikatan daji da na 'yan sintiri da na masu aikin hanya, kuma kafin mai ita ya buɗe baki nakan san inda ta fito. Ta daji eriyarta a lanƙwashe take daga gindi, domin da ita ake finciko ta daga aljihu. Maɓallin gefe, wanda ake dannawa a yi magana, ya sha yatsa har robar ta yi santsi ta huje. In ka buɗe bayanta za ka tarar da ƙarafan da batir ke taɓawa sun yi tsanwa saboda zufa, ga jar ƙura ta toshe ramukan lasifika, wani lokaci har da 'ya'yan ciyawa. Batirin kuwa ya kumbura, an ɗaure shi da robar tayar keke. Maigidana kan goge ƙarafan da tsinken ashana da ɗan fetur, ya busa, ya mayar, ya danna. In ta yi "shhh" sai ya ce, "Tana da rai." Yawancin abin da ake kawowa a matsayin mutuwa, yunwa ce kawai: ba wuta a sansani, janareta ba mai, batir ya gaji.

A nan ne kuma na fara sanin cewa maganar oba-oba ba sirri ba ce. Wanda ya danna ya yi magana, ya yi ta ne ga duk wanda ya murɗa zuwa wannan tasha. Ba kulli, ba makulli. Har babban rediyon ofis ma, mai akwatin gida mai gajeren zango yakan ci karo da shi yana neman BBC, sai dai ba zai gane ba, don muryar kan fito masa kamar kukan agwagwa. Sai an ƙara wa akwatin wani ɗan da'ira kafin ta zama maganar mutum, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa ya iya wannan. Mun sha ji a shago ana gwaji, murya ta faɗo daga wani wuri: ana neman mota, ana tambayar albashi, wani yana cewa a gaya wa iyalinsa sai jibi. Maigidana kan kashe nan take. Yakan ce abin da ba a aiko ka ka ji ba, kada ka bari ya kwana a kunnenka. Ma'aikatan su ma sun san da haka, shi ya sa suke yi wa wurare laƙabi, su kira rafi da sunan da ba nasa ba, su ce "baƙi sun zo" maimakon su ce sun ga mafarauta. Amma laƙabin da aka yi shekara ana maimaitawa a fili, yaran gari ma sun haddace shi.

A Amurka sauraron irin wannan magana nishaɗi ne. Hukumar dazuzzukansu ta fara ne da jan wayar tarho daga hasumiya zuwa hasumiya bayan babbar gobarar 1910, sannan a shekarun 1930 ta shiga ƙera rediyon da mutum zai iya goyawa. Yau akwai mutanen da ke sayen na'urar da ke bin tashoshi da kanta, su zauna a gida ko a tanti suna jin masu gadin gandun daji suna maganar gobara, da ɓataccen mai yawo, da dabbar da ta shiga sansanin baƙi. Lambobin tashoshin ma a rubuce suke, kowa na iya samu, kuma a yawancin jihohinsu doka ba ta hana ji ba. A wurinmu dokar wayar iska ta 1961 ta ce sai da lasisi ake kafa ko amfani da na'urar aika saƙo. Ban ga laifin Ba'amurke mai sauraro ba. Shi in ya ji inda ma'aikaci yake, labari ya samu na ba abokai. A dajin Zugurma wanda ya ji inda ma'aikaci yake, ya san inda zai kauce, ko inda zai yi kwanto.

Wayar salula ta shigo a watan Agustan 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta iso ƙauyukan wannan yanki, amma da ta iso ta juya lissafin. A da, ko ba komai, ma'aikaci ne kaɗai ke iya magana daga nesa. Yanzu yaro ɗaya a bakin tasha da ƙaramar Nokia ya isa: mota ta fita, mutum shida, ta yi gabas. Kowane ƙauye ya san tudunsa ko itacensa na sabis, kuma a ƙarƙashin itacen nan za ka ga ma'aikaci da mai gawayi da makiyayi suna jiran juna su gama. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar madobiya ta buɗe, ana sare ta ana lodi zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017. Mai zarto da babbar mota ba ya shiga daji sai ya san hanya a buɗe take, kuma waya ce ke gaya masa. Su ma ma'aikata da yawa suka ga wayar aljihunsu ta fi sauƙin caji, ta fi sirri, suka jingina da ita. Ina ganin a nan aka yi hasara ba a lura ba. Waya mutum ɗaya take kira. Oba-oba kuwa in ɗaya ya yi ihu, duk wanda ke kan tashar ya ji a lokaci guda, na kusa ya juyo ba tare da an neme shi ba.

Daga nan sai abin ya wuce maganar nama da itace. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Ba a daɗe ba jami'an gwamnatin Katsina suka fito suka ce mutanen sun koma oba-oba. Ba abin mamaki ba ne. Ƙananan na'urorin Sin irin su Baofeng sun cika kasuwa, kuɗinsu bai kai na wayar kirki ba, suna kama zangon da jami'ai ke amfani da shi, kuma suna da maɓallin da ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya inda ake magana. Abin da a zamanin maigidana sai ƙwararre, yau yaro ya koya a wuni ɗaya. A Kainji kanta, cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan ta fitar da rahoto a 2024 cewa masu ɗauke da makamai daga yankin Sahel suna shigowa ta Benin suna zama a gandun. Sunan wata ƙungiyar masu makamai, Mahmuda, ya cika labarai a 2025, kuma a watan Agustan shekarar Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya sanar da kama jagoranta. Yawancin wannan a ɓangaren Borgu ne, amma hanyar Zugurma zuwa Ibbi ma ta ga nata rabon na tare motoci. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a Najeriya Kainji da Yankari ne kaɗai ke da su. Mai ƙidayar zaki sai ya shiga daji, shiga dajin kuwa yanzu sai da soja.

Ana cewa maganin sauraro shi ne rediyon zamani mai juya murya ta koma lambobi a kulle ta. Gaskiya ne yana da amfani. Mai Baofeng ba zai ji komai ba sai gurnani, ofis yana ganin inda kowane ma'aikaci yake a kan taswira, kuma in an ƙwace na'ura ana iya kashe ta daga nesa. A Yankari ma ƙungiyar WCS ta sa masu sintiri suna ɗaukar na'urar da ke rubuta duk inda suka taka. Amma a duba maƙwabta. Ƙungiyar African Parks ta karɓi gandun Pendjari na Benin a 2017, ta karɓi na W a 2020, da kuɗi da jirgin sama da ɗakin sadarwa mai aiki dare da rana. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya suka kashe mutum tara a gandun W, har da Bafaranshen da ke horar da ma'aikatan. Wanda ya binne nakiya ba ya buƙatar ya fahimci abin da aka faɗa a rediyo. Ya ishe shi ya san hanyar da mota ke bi. Ko muryar da aka kulle ma tana tona wani abu: gurnanin ya yi ƙarfi, suna kusa; ya yawaita da asuba, yau akwai fita. Ga kuma na'urar kan tudu da turkenta da farantin solarta, a fili, kowa na gani, ita ma sai an sa mata mai gadi.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗancan kunnuwa na farko. Mai zuma da mai kaɗanya da sarkin baka suna nan, kuma har gobe sun fi kowace na'ura sanin wanda ya kwana a wane rafi. Sai dai a zamanin Kawu wanda ya kai labari, abin da zai fuskanta bai wuce harara a kasuwa ba. Yau yana iya rasa ransa, kuma ya san tashar da za a faɗi labarinsa a kanta ba ma'aikata kaɗai ke jin ta ba. Mutumin da aka hana shi itacen girki da ciyawar jinka da sunan doka, aka ci shi tara a kan zomo, ba shi ne zai sayar da ransa ya kai rahoto ba. Wannan ba sabuwar oba-oba ce za ta gyara shi ba.

A watan Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka masu makami. In sun iso wannan yanki za su tarar da ma'aikatan gandu, da soja, da 'yan sanda, da 'yan banga, da maharban da garuruwa suka ɗauka, kowa da irin na'urarsa da tasharsa da laƙabinsa. Ta soja ba ta jin ta ɗan banga, ta ɗan banga kuma kowa na jin ta. In ana son a haɗa su a aiki ɗaya, abin da aka saba yi shi ne shugabanni su karɓi lambar wayar juna, sannan kowa ya nemi tudun da ke da sabis.